Robar Ƙeyar Haroonbe

Sabbin kayan nutso sun iso ranar Litinin a jirgin dako, kwali takwas, kuma tun kafin a gama sauke su Haroonbe ya yanke musu hukunci. Ya ɗaga falmaran ɗin iska guda, ya juya shi gaba da baya, ya leƙa ƙarƙashin hammatarsa, sannan ya ce, "An yi mana sata a hanya. Ina rawayan tiyon?"

"Ba wanda ya yi sata, Bappa," in ji Shiuna. "Haka ake yin su yanzu."

Shiuna 'yarsa ce, Bappa kuwa a wurinmu uba ke nan, kuma ita ce shugabarsa a wurin aiki, abin da mutanen tsibirinmu suka shekara biyar suna tsokanarsa da shi ba su gaji ba. Ita ke riƙe da shagon nutso na masaukin baƙi, ita ke da takardun koyarwa, ita ke sa hannu a ce wane ya isa ya shiga da baƙi ƙarƙashin teku, wane bai isa ba. Shi kuwa shekararsa sittin da ɗaya, arba'in daga ciki a ruwa ya yi su. A tudu mutum ne mai ƙorafi, mai ciwon gwiwa, wanda shayi ba ya taɓa yi masa daidai. Da ya faɗa ruwa sai ka rasa inda ƙorafin ya tafi. Tun rasuwar matarsa ba shi da wani abu da yake tashi dominsa da safe in ba wannan ba, kuma Shiuna ta fi kowa sanin haka.

Fazeel, mai masaukin, yana zaune a Malé, babban birninmu, can ya ga sabon kayan ya yi sha'awarsu. Ya aiko da saƙo cewa duk mai raka baƙi sai ya yi gwaji da su a gaban Shiuna, ta sa masa hannu, kafin baƙin Alhamis su sauka. Wanda bai samu hannunta ba ya zauna a tudu. Matasan shagon biyu sun yi nasu ranar Talata, ko minti ashirin ba su ɗauka ba. Ya rage Haroonbe.

Ranar Laraba da hantsi suka haɗu a kan doni, jirgin katakon da ke kai su wurin nutso. Manikbe matuƙi yana zaune a baya, ƙafarsa ɗaya a kan sandar tuƙi, yana taunar areka, irin goronmu na tsibiri. Tare suka taso da Haroonbe, kuma bai taɓa barin wata dama ta wulaƙanta shi ta wuce ba.

Shiuna ta tsayar da tukunyar iska tsakanin gwiwoyinta. Ta jiƙa ɗamarar falmaran ɗin, ta zura shi a kan tukunyar, ta ja ta matse. Ta ɗaura kan tagullar da tiyoyin iska ke fitowa daga jikinsa a bakin tukunya, ta ɗauko tiyon hura falmaran ta nuna wa mahaifinta.

"Ka ga ya fi na da kauri? Bakinsa ma ya fi faɗi. Dole ne, don yanzu ba falmaran kaɗai yake ciyarwa ba, har da kai."

Ta ja zoben bakin tiyon baya, ta danna, ya yi ƙas ya kama. Ta kifa ma'aunin iska ƙasa, ta buɗe tukunyar a hankali har tiyoyin suka miƙe.

Abin dai ba wuya gare shi ba. Tsohon kaya abin shaƙa biyu gare shi, ɗaya a bakinka, ɗaya rawaya a maƙale a ƙirji yana jiran ranar da iskar abokin nutsonka za ta ƙare ya zo ya fizga. A sabon an cire rawayan gaba ɗaya. Gajeren tiyon nan na kafaɗar hagu, wanda ake dannawa a hura falmaran ko a rage masa iska, shi aka yi wa abin shaƙa a ƙarshensa. In wani ya zo maka iskarsa ta ƙare, sai ka cire na bakinka mai dogon tiyo ka miƙa masa, kai kuma ka koma kan gajeren.

"Sake faɗa," in ji Haroonbe.

"Ka cire na bakinka ka ba shi."

"Na bakina."

"Na bakinka, Bappa."

"Wanda ya ƙirƙiro wannan bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba. A ofis yake zaune, fanka na kaɗa masa."

"Kai dai ka ce rowa ce," in ji Manikbe daga baya. "Shekara hamsin na san ka, ban taɓa ganin abu ya shiga bakinka ya fito ba. Ko ƙayar kifi haɗiyewa kake yi don kar kyanwa ta samu."

"Kai tuƙa jirginka. Mutumin da ruwa bai taɓa wuce masa cibiya ba."

Shiuna ta tura masa nasa kayan. Ya haɗa, kuma komai ƙorafinsa hannuwansa ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Ya shafa zoben robar bakin tukunya da babban yatsa, ya kara kunne ya saurara ko iska na tsiyaya, ya shaƙa sau uku a dogon, sau uku a gajeren. Ya danna madannin hurawa har falmaran ɗin ya kumbura ya yi tauri, ya danna ɗayan ya saki iskar. Ya sa gajeren a baki ya juya kai dama, tiyon ya hana shi.

"Wannan ai ɗaure akuya ne," ya ce.

Sai ya sa hannu a aljihun wandonsa ya zaro robar.

Duk wanda ya san 'yan nutson zamaninsu ya san robar nan. Su ne suka fara da tsintar kokwambar teku, wannan halittar mai kama da ƙatuwar tana da ake busarwa a kai ƙasashen gabas, kuma suna zuwa zurfin da ba mai hankalin da zai je yau. Sukan yanko robar cikin tayar babur, su ɗaura ta a abin shaƙa, su zagaya da ita ta ƙeya. In zurfi ya bugar da mutum ya suma, abin yana nan manne a bakinsa har a jawo shi sama. Da aka daina wannan sana'ar aka daina robar. Haroonbe ma ya bar ta shekaru da yawa, sai bara, wajen lokacin ruwan sama, Shiuna ta ga ya dawo da ita. Ta ɗauka marmarin ƙuruciya ne irin na tsofaffi. Baƙi ma har hotonsa suke ɗauka da ita, don haka ta ƙyale shi.

"Ba da wannan ba, Bappa."

"Me ta yi miki?"

"Yaya za ka ba mutum abin da ka ɗaure a kanka? Kafin ka kwance ya sha ruwa."

"Zan zare ta ta sama. Daƙiƙa ɗaya."

"Ta fizge maka gilashin ido. Ga ka makaho, ga mutum a firgice yana damƙar wuyanka."

"To in ɗaura ta a gajeren."

"Gajeren ba a bakinka yake zama ba. Na me za ka ɗaure shi?"

Ya tsaya yana murza robar a yatsunsa. Shiuna ta ji haushi ya taso mata, haushin da ba wanda ke iya tayar mata da shi sai shi. Ga aiki jibge a shago, ga baƙi gobe, ga tsoho yana rigima a kan guntuwar taya.

"Bappa, don Allah. Kai ka koya min kar in bar igiya ko ɗaya tana reto a jikina. Yau kuma ni zan roƙe ka?"

"A ba shi ya rataya a wuya kamar laya," in ji Manikbe. "Ko a tsoma a ruwa ya sha."

Haroonbe bai rama ba, kuma wannan ya kamata ya sa ta tsaya ta dube shi. Ba ta tsaya ba. Ta miƙa hannu, ya ɗan jima, sannan ya ɗora mata robar a tafi. Ta jefa ta cikin bokitin gilasan ido.

"Yadda shugaba ta ce," ya ce, yana murmushin yaƙe.

Manikbe ya kai su cikin zoben duwatsun murjani da ya kewaye tsibirin, inda ruwa ke kwance, ƙasa farin yashi ne, zurfin bai wuce mita takwas ba. Suka ɗaura darma a ƙugu, suka sa takalman iyo, suka faɗa. Shiuna ta ɗaga gajeren tiyonta sama ta saki iska, ta nutse, tana kallonsa yana sauka a gabanta a miƙe, hannuwa a harɗe a ƙirji. Ko yashi bai tayar ba da ya isa ƙasa.

Suka durƙusa suna fuskantar juna. Ta cire abin shaƙarta, ta ja hannu a maƙogwaro, alamar iska ta ƙare.

Ko ƙiftawa bai yi ba. Hannun dama ya zare na bakinsa ya miƙo mata, bakin yana kallon ƙasa yadda ake so, hannun hagu kuma ya riga ya kai gajeren bakinsa. Ya kama ɗamarar kafaɗarta ya riƙe, ya dubi idonta, ya haɗa yatsu biyu ya yi zobe yana tambayar ko lafiya. Ta amsa. Suka sake, ta zo masa ta gefe. Suka sake, ta zo ta baya ta fizgi abin daga bakinsa ba sallama, yadda firgitaccen baƙo zai yi. Ya bar mata, ya koma kan gajeren, har da ɗaga mata gira ta cikin gilashi. Matasan shagon ba su yi rabin wannan kyau ba.

Daɗi ya kama Shiuna har ta yi dariya, kumfa ya fita ta gefen bakinta. Ta tafa masa a hankali cikin ruwa, shi kuma ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. Ashe duk rigimar banza ce. Ta mayar masa da nasa, ta nuna masa su ɗan zagaya gindin murjani kafin su hau, don ya saba da madannan.

Yana gaba tana biye. Wasu ƙananan kifaye shuɗɗa suka buɗe musu hanya suka rufe. Ta duba ma'auninta, ta ɗago.

Ƙafafunsa sun daina motsi.

Da farko ta ɗauka wani abu ya gani a cikin dutse, domin haka yake yi in ya hango wani kifi a ɓoye ko ƙaguwa. Amma kansa ba ƙasa yake kallo ba. Jikinsa ya karkata a hankali zuwa hagu, gwiwarsa ta daki yashi, hannuwansa suka saki suka yi sama kaɗan. Ta yi iyo ta sha gabansa. Idanunsa a buɗe suke, suna kanta, amma ba kowa a cikinsu. Leɓunansa na motsi kamar mai tauna. Tana kallo abin shaƙar ya zame daga bakinsa, ya yi gefe a kan dogon tiyonsa, yana reto.

Ba ta san lokacin da ta cafko shi ba. Ta tura masa a baki, ta danna madannin da ke koro ruwa, kumfa ya rufe fuskarsa. Haƙoransa ba su kama ba. Ta tallafe ƙeyarsa da hannu ɗaya, ɗayan ta danne abin a bakinsa, ta ƙura wa ƙirjinsa ido. Tana son ta kira shi, amma a ƙarƙashin ruwa ba a kiran kowa. Tana son ta hau da shi, amma in numfashinsa a riƙe yake hawan zai fasa masa huhu, ta sha faɗa wa ɗalibai haka. Hannu na uku da za ta taɓa falmaran ɗinsa ma ba ta da shi. Duk abin da ta karanta, duk takardun da ke rataye a bangon shago, ba abin da suka bar mata sai ta durƙusa a yashi ta riƙe kan ubanta tana jira. Tsoro ya cika ta har ta ji fitsari na neman kufce mata.

Ƙirjinsa ya ɗaga. Kumfa ya fito, ya sake ɗagawa. Ta ƙirga numfashi biyar, shida. Sai ta ji haƙoransa sun damƙe robar bakin, idanunsa suka dawo, suka tsaya a kan fuskarta da ke dab da tasa. Ya dubi hannunta a ƙeyarsa. Ya yi tari cikin abin shaƙar sau biyu.

Sannan ya ɗaga yatsu ya yi mata zobe. Lafiya lau.

Ba ta amsa ba. Ta nuna sama da babban yatsa, ta kama ɗamararsa, suka hau a hankali, ba ta sake shi ba har kansu ya fito.

Manikbe ya karɓi kayansu yana shirin buɗe baki da tsokana, sai ya dubi fuskar Shiuna ya fasa. Ya koma baya, ya ɗaga murfin inji ya cusa kai ciki, alhali injin ba abin da ya same shi.

Haroonbe ya zauna a kan benci yana ɗiga. Ya ɗauki tawul ya goge fuska, ya daɗe yana gogewa.

"Na ci gwajin ko?" ya ce.

"Tun yaushe?"

"Ruwa na ɗan shaƙa. Wannan sabon bakin ne, ya yi min ƙanƙanta."

"Bappa. Tun yaushe?"

Ya dubi teku. Wata ƙaramar doni ta masu kamun kifi tana wucewa can nesa, ya bi ta da ido har ta ɓace a bayan tsibiri.

"Bara. Da ruwan sama."

"Sau nawa?"

"A ruwa? Bakwai. Ko takwas. Ba ya daɗewa, Shiu. Kamar a ɗauke wuta ne a dawo da ita. In na farfaɗo abin yana bakina, robar ta riƙe, sai in ci gaba. Ba wanda ya taɓa lura."

"Da baƙi a bayanka."

"Ba abin da ya taɓa samun kowa."

"Da baƙi a bayanka, Bappa. Watan jiya ka shiga da matar nan da ɗiyarta a mashigar ruwa, inda igiyar ruwa ke ja. Ni na sa sunanka."

"Kuma na fito da su."

Ta juya wajen injin. "Manikbe, ka sani?"

Kan Manikbe bai fito ba. Daga cikin ramin injin muryarsa ta zo. "Sau ɗaya na gani, a nan kan jirgi. Kofin shayi ya faɗi daga hannunsa. Ya ce in na faɗa miki ba ni ba shi." Sannan ya ƙara da cewa, "Na ce masa ya je Malé a duba kansa."

"In je su ce me?" in ji Haroonbe. "Na san abin da za su ce. Akwai likitan da zai ce wa mai irin wannan ya koma ruwa? Za su ba ni ƙwayoyi, su ce in zauna a inuwa." Ya juyo gare ta. "Kin san me ake yi a inuwa? Kin ga su Easabe a bakin tashar jirgi, daga lilo sai lilo, suna jiran azahar, in an yi su jira la'asar. Easabe ya fi ni nutso. Shekara biyu da hawowarsa tudu, yanzu sai an tuna masa sunan jikokinsa."

Shiuna ta dube shi. Tana da amsa ga kowane ɗalibi, tana da amsa ga Fazeel, amma wannan ba ta da ita, domin gaskiya ya faɗa. Ta san gidan da zai koma. Ɗaki biyu, kujerar mahaifiyarta da ba wanda ke zama a kai, rediyon da yake kunnawa ba ya saurara. Ta kuma san abin da ta gani a ƙasa, bakin nan a sake, ruwa na shiga. Duk inda ta juya mutuwarsa take gani, ɗaya mai sauri ɗaya mai jan ƙafa, kuma an ce ita za ta zaɓa da biro.

Manikbe ya tayar da inji. Suka nufi gaɓa.

A shago suka wanke kayan a kwatarniyar ruwan daɗi, kamar kullum, shi yana tsomawa ita tana ratayewa. Azahar ta wuce, zafi ya kwanta a kan rufin kwano. Maƙwabciya ta aiko da gurasar roshi da kifi da kwakwa a rufe da faranti, ba wanda ya buɗe. Takardar gwajin tana kan tebur, layi shida, kowane layi da ɗan akwatinsa. Ya haɗa kaya daidai. Ya miƙa iska daidai. Ya koma kan gajeren tiyo daidai. Duk shidan ya yi su, ba ƙarya a ciki in ta sa hannu. Babu layi na bakwai da ke tambayar abin da ya faru bayan an gama.

Ta zauna ta ɗauki biro, ta ajiye. Ta ɗauki waya ta nemo sunan Fazeel, ta kife ta.

Haroonbe ya gama da tiyo na ƙarshe, ya yarfe hannu, ya zo ya tsaya a gefen tebur. Bai zauna ba. Tunda take ba ta taɓa ganin ya tsaya a gabanta haka ba, hannuwa a baya, kamar mai neman aiki.

"Na yi tunani," ya ce. "Ba sai da baƙi ba. Na yarda, wannan kuskure ne, ba zan ƙara ba. Ki sa ni a baya. Ko ma ba a baya ba, ni kaɗai, nan cikin zobe, mita biyar. Sau biyu a mako."

"Kai kaɗai, Bappa?"

"To da ke. In kin samu lokaci." Ya ɗan matso. "Ki mayar min da rawayan a kan nawa kayan kawai. In yana ƙirjina ba sai na ba kowa na bakina ba, sai in ɗaura robata. Shi ke nan, kowa ya huta. Fazeel ba zai sani ba, yaushe rabonsa da zuwa?"

Ta dubi kan tagullar da ke rataye a ƙusa, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Akwai rami biyu a gefensa da aka toshe da ƙananan ƙusoshi. A kwance ɗaya, a ɗaura tiyo, a ɗan matse da sifana, aikin minti uku ne. Tsofaffin tiyoyin suna cikin kwali a ƙarƙashin wannan teburin da take zaune, ƙafarta ma tana taɓa shi.

Ta ga kanta tana yi. Ta ga shi gobe da jibi yana fitowa daga ruwa yana ƙorafin shayi. Ta kuma ga wata rana, ba ta san wacce ba, da abin zai daɗe fiye da na yau, ko ya zo masa suna tsakiyar hawa, robar tana riƙe da abin shaƙa a bakin mutumin da ya daina shaƙa. Kuma ita ce za ta kasance ta ɗaura tiyon da hannunta.

In ta ce masa a'a, ta ce masa ya gama ke nan, kuma daga bakin 'yarsa zai ji. Ta nemi kalmar ta rasa. Ta ji ta koma ƙaramar yarinya da aka ba kayan da ya fi ƙarfinta.

"Ba ya shiga, Bappa," ta ce. Muryarta ta fito siririya. "Sabon kan... ramukansa ba irin na da ba ne. Tsohon tiyo ba ya ɗauruwa a kai."

Ruwa ya ci gaba da ɗiga a kan siminti.

Haroonbe ya juya ya dubi kan tagullar. Taku biyu ne tsakaninsa da shi. Mutumin da ya kwance irinsa ya fi dubu, wanda ko a duhu aka sa masa ƙusa a tafi zai faɗi raminta, da safen nan ma ya juya wannan ɗin a hannunsa ya duba kowane gefe. Shiuna ta sunkuyar da kai tana jiran ya miƙa hannu ya sauko da shi.

Bai miƙa ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya dubi 'yarsa, ya ga yadda ta damƙe bakin tebur har yatsunta sun yi fari.

"Haka ne," ya ce a hankali. "Na lura ɗazu. Ba ya shiga."

Ya jawo kujera ya zauna, ya buɗe farantin abincin, ya yago roshi ya tura mata rabi.

"Ci, ya huce," ya ce. "Jirgin Malé ranar Asabar ne ko Lahadi?"